TABON YANA JIKI, TAKARDAR TA ƁATA: 'YAN MAZAN JIYA DA NEMAN KUƊIN NAKASA

Maƙalar wannan mako ta shafi dattawan nan da muke kira 'yan mazan jiya, da wata takarda da yawancinsu ba su taɓa riƙe ta a hannu ba, alhali ita ce ke yanke hukunci a kan abincinsu.

Duk ƙasar da ke biyan tsohon soja kuɗin nakasa, abu uku take so ya tabbatar mata. Na farko, cewa ya yi aikin soja. Na biyu, cewa yana da rauni ko ciwon da ya rage masa ƙarfin neman abinci. Na uku, cewa a bakin aiki ya gamu da wannan rauni. Na farko, takardar sallama da lambar soja sun wadatar. Na biyu, kowane likita zai iya dubawa yau. Na ukun ne mai wuya, domin tabo ba ya faɗin ranar da aka yi shi. Harsashin da ya shiga cinya a fagen daga da wanda ya shiga a wurin farauta, bayan shekara 30 tabonsu ɗaya ne. Abin da ke raba su shi ne katin da wani ma'aikacin asibitin soja ya cika a ranar. Wannan kati kuwa a wurin hukuma ake ajiye shi. In ya ɓata, a hannunta ya ɓata, amma sojan ake ce wa ya je ya kawo.

DAGA TASHAR ƘAURA ZUWA BAMA

A 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan kuma ya tsaya. Don gyada da auduga aka shimfiɗa shi, amma jirgin da ke kwasar buhu yana kwasar mutum. Tun 1924 a Zariya ake horar da kuratan soja, saboda haka ga saurayin Zurmi ko Shinkafi, hanyar shiga soja ita ce ya iso Ƙaura ya hau jirgi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Turawa sun bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen neman mutane, kuma Hausa ce harshen bariki, da ita saje ke ba da umarni.

Matsalar takarda tun daga teburin ɗaukar kurtu ta fara. Yawancin samarin ba su da ranar haihuwa a rubuce, sai a dubi jikin mutum a ƙiyasta masa shekaru. Suna kuwa, abin da aka saba shi ne a haɗa sunan mutum da na garinsu: wane Ƙaura, wane Zurmi, wane Sakkwato, kamar dai yadda aka yi wa 'yan makarantar boko na farko. Sai ya dangwala yatsa, a ba shi lamba. Ke nan sunan da ke cikin littafin soja ba lalle ne ya zama sunan da iyalinsa suka san shi da shi ba, balle wanda 'ya'yansa za su ɗauka a katin ɗan ƙasa daga baya. Lambar nan ce kaɗai ba ta da takwara. Wanda ya manta lambarsa ya yar da mabuɗin fayil ɗinsa.

'Yan Nijeriya fiye da 100,000 suka sa kaki a wannan yaƙi. A 1941 suna cikin waɗanda suka karɓe Mogadishu daga hannun Italiya suka nausa Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Bama su kara da Japan. Sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan da tsaunukan Arakan, suka kama garin Myohaung a watan Janairun 1945. Har gobe sunayen da suka samo asali daga wannan yaƙi suna jikin barikokinmu: Dodan da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya.

A ƙa'ida, duk sojan da ya ji rauni ana ɗaura masa kati a jikin riga tun daga wurin ba da taimakon farko. Katin zai bi shi zuwa asibitin tanti, daga can zuwa babban asibiti a Indiya, kowane likita yana ƙara abin da ya gani. A ƙarshe kwamitin likitoci zai zauna ya rubuta abu biyu: nakasar kashi nawa ce cikin ɗari, kuma aikin soja ne ya jawo ta ko a'a. To amma Runduna ta 81 a cikin dajin da babu hanyar mota ta yi yaƙi, ta sama ake jefo mata abinci, da ƙananan jirage ake fitar da majinyata. Ga kuma cuta, wadda ta fi harsashi ɓarna. Janar William Slim, kwamandan sojojin Ingila a Bama, ya rubuta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka fitar saboda rauni, an fitar da kusan 120 saboda ciwo irin su zazzaɓin cizon sauro da atini. Irin wannan ciwo ba ya barin tabon da za a nuna. Mutum zai dawo gida da ciwon hanta, ko kunne ya toshe, ko ya riƙa firgita cikin dare, kuma in ba a rubuta a can ba, babu mai yarda a nan.

Labarin Isaac Fadoyebo ya isa misali. Bayarabe ne daga yankin Owo, ma'aikacin jinya a asibitin tanti na Runduna ta 81. A farkon watan Maris na 1944 sojojin Japan suka afka musu a bakin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa har ƙashi ya karye. Wani manomi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa David Kagbo ɗan Saliyo, suka yi wata tara a ɓoye kafin a gano su. A tsawon watannin nan babu katin asibiti ko ɗaya a kan rauninsa, a littafin soja ɓatacce ne. Duniya ta san abin da ya same shi ne saboda ya iya boko ya rubuta tarihinsa, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawu ya wallafa littafi a kansa a 2014. Ɗan Zurmin da ya kwanta a irin wannan daji bai da boko, labarinsa a zaure ya tsaya.

AN DAWO GIDA, FAYIL YA RABU

Bayan yaƙi an yi wasu tanade-tanade. A 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar sama wa tsofaffin sojoji aiki, shi ya sa da yawansu suka zama masinjoji da masu gadi da 'yan doka. Asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas ma asalinsa sansanin jinyar sojojin da suka ji rauni ne. Amma daga Ƙaura zuwa Legas a jirgi ya haura kilomita 1,000. Wanda ya riga ya iso gida, ciwo ya taso masa bayan damina biyu, wurin mai ɗori ko mai magani zai nufa, kuma mai ɗori ba ya ba da kati.

Ko kuɗin sallama ba a raba shi daidai ba. Wani bincike da 'yan jarida suka fitar a 2019 ya tono takardar gwamnatin Ingila da ke nuna cewa a gabashin Afirka, farar fata mai ƙaramin muƙami sule 10 ake lissafa masa a kan kowane watan da ya yi, baƙar fata kuwa sule uku da rabi. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji sun yi jerin gwano za su kai wa Gwamna kukansu, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya na cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Ghana.

A watan Afrilun 1958 ragamar sojan Nijeriya ta bar hannun ma'aikatar yaƙi ta Ingila, a 1960 aka samu 'yanci. Tun daga nan matsayin Ingila shi ne, nauyin fansho ya koma kan sabuwar gwamnati. Takardu ma sun rabu. Littattafan da kowace bataliya da kowane asibitin tanti ke rubuta abin da ya faru kullum suna gidan adana tarihi na Kew a Landan, kuma sun fi ambaton hafsoshi Turawa da suna fiye da ƙananan sojoji baƙaƙe. Wasiƙun da suka shafi ɗaukar soja da koke-koken waɗanda suka dawo a Lardin Sakkwato, wanda Ƙaura da Zurmi da Shinkafi ke ciki a lokacin, wurin nemansu shi ne gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna. A 1964 aka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa da doka. Sai a 2018, shekara 73 bayan yaƙin, Ingila ta ware kusan fam miliyan 12 don ciyar da ragowar tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta raina da matansu.

YAƘIN BASASA

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar 6 ga Yulin 1967 aka fara yaƙin basasa, sojan Nijeriya a lokacin bai wuce kimanin mutum 10,000 ba. Kafin a gama ranar 15 ga Janairun 1970 ya kai wajen 250,000. An taƙaita horo zuwa 'yan makonni, an kira wasu daga cikin mutanen Bama sun sake sa kaki. Waɗanda aka ɗauka a wannan zamani su ne masu lambar da ke farawa da 63NA. Rundunar da ta ninka sau 25 cikin wata 30, ba za a ce akawunta da likitocinta sun ninka haka ba.

A duba yadda yaƙin ya kasance. A watan Oktoban 1967 Runduna ta 2 a ƙarƙashin Murtala Muhammad ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica, aka yi asarar mutane masu yawa a ruwa. Ranar 31 ga Maris 1968 aka yi wa jerin motocinta kwanton ɓauna a Abagana, motoci suka ƙone ƙurmus. A irin wannan rana wanda ya tsira da rai yana neman inda zai sa kansa ne, ba wanda zai cika masa kati ba.

Cikin shekarun 1970 aka yi ta rage yawan sojoji. A nan ne hanya ta rabu biyu. Dokar fanshon soja ta 1979 ta dogara da abu biyu: yawan shekarun aiki, da shaidar kwamitin likitoci. Wanda ya shiga a 1968 aka sallame shi a tsakiyar shekarun 1970 bai ko cika shekara 10 ba, ƙofar shekaru ta rufe masa. Saura ƙofa ɗaya, wato a ce kwamitin likitoci ya zauna a kansa ya sallame shi bisa dalilin lafiya. Wanda ya bi ta gaban kwamitin, kuma takardar ta shiga fayil ɗinsa, yana da abin riƙewa. Wanda aka sallama tare da jama'a ba tare da an duba shi ba, ko wanda ya gaji da zaman asibiti ya tafi gida wurin mai ɗori, ya fita da rauni amma bai fita da hujja ba. Mutum biyu, rana ɗaya aka harbe su, ɗaya na karɓar kuɗi duk wata, ɗaya na jiran abin da 'ya'ya za su aiko.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, jaridu sun yi ta ɗauko hotunan tsofaffin sojoji kwance a titunan Abuja suna jiran tantancewa da bashin fansho, wasu a nan ajali ya riske su. Hukuma na da nata uzurin: an sha gano sunayen bogi a jerin masu karɓar fansho, dole ta nemi hujja. Sai dai ɓarawon da ya ƙirƙiro sunan bogi yana da takardu cif-cif, mai gaskiya ne ba shi da su. Ga nisa kuma. Ofishin adana bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja, a barikin Chari Maigumeri. Hukumar fanshon soja tana Dutsen Alhaji a Abuja. Babban asibitin soja na Arewa, wanda aka fi sani da 44, yana Kaduna. Dattijon Shinkafi mai sanda sai ya bi Ƙaura da Gusau da Funtuwa da Zariya kafin ya isa ko ɗaya daga cikinsu, kowanne kuma zai iya tura shi wurin ɗayan.

A TSALLAKEN IYAKA

Ƙasar Zurmi ta yi iyaka da Nijar, kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram a ƙarƙashin tutar Faransa suka yi nasu yaƙin. Ranar 1 ga Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa sun buɗe wa sojojin Afirka ta Yamma wuta saboda sun nemi bashin albashinsu. Rahoton hukuma ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi na cewa sun kai ɗaruruwa, kuma gardamar ta daɗe ne saboda takardun suna hannun wanda ya yi harbin. A 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci, na Bafaranshe na ƙaruwa, nasu na tsaye. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta ba shi gaskiya a watan Nuwambar 2001, shekara biyar bayan rasuwarsa. Sai a 2011 aka daidaita kuɗin gaba ɗaya, shi ma sai tsohon sojan ya rubuta ya nema.

IN TAKARDA TA ƘONE, ME AKE YI?

Ɓatan fayil ba a kanmu aka fara ba. A watan Satumbar 1940 bom ɗin Jamus ya faɗa wa ɗakin ajiyar ma'aikatar yaƙi a Landan, kusan kashi biyu cikin uku na takardun sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka ƙone. Wani ɓangare na giɓin an cike shi ne da takardun da ke ma'aikatar fansho, domin waɗanda suka taɓa neman kuɗin nakasa bayanansu na ajiye a wuri na biyu.

A Amurka, ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan soja da ke St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Kusan kashi 80 cikin ɗari na fayilolin sojan ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa ƙarshen 1959 sun tafi, babu kwafi a ko'ina. Abin lura shi ne matakin da aka ɗauka. Ana sake gina fayil ɗin mutum daga rahoton safiya na kamfaninsa, da takardun biyan albashi, da rajistar kwanciya asibiti. Ana karɓar rubutacciyar shaidar abokin da suka yi aiki tare, da wasiƙun da ya aiko gida, da hotuna. Dokarsu ta ce in hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Wanda ya shiga fagen daga, ana karɓar bakinsa a kan raunin da ya dace da yanayin yaƙin ko da babu kati. Wata doka ta 2000 kuma ta ɗora wa ma'aikatar tsofaffin sojoji nauyin taya mai nema neman takardunsa. Har yanzu tsofaffin sojojin Amurka na kuka da jinkiri, amma an amsa babbar tambayar: wanda aka ba ajiya, shi ke da nauyin nema in ta ɓata.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Mutanen Bama kusan duk sun kwanta dama. Ƙaramin cikin mutanen yaƙin basasa ya haura 70. Duk gidan da ke da ɗaya daga cikinsu, abin da tarihin nan ke koyarwa a fili yake. A rubuta lambar sojansa da sunan da aka ɗauke shi da shi, harafi da harafi yadda yake a takardar sallama. A tambaye shi bataliyarsa, da garin da aka harbe shi, da watan, da asibitin da ya kwanta, da sunan kwamandansa. A nemo abokin da suka yi aiki tare tun yana da rai, ya yi takardar rantsuwa a kotu. In sunan fayil ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, a gyara da rantsuwar kotu da shaidar hakimi kafin a ɗauki hanya. A sa likitan asibitin gwamnati ya duba shi ya rubuta rahoto, hoton ƙashi yakan nuna ƙarfen da ya shekara 50 a jiki. Duk takardar da za a miƙa, a miƙa kwafi, a riƙe ta asali, a karɓi shaidar an karɓa mai ɗauke da hatimi da kwanan wata. Reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiha ya san ƙofar da ake bi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan majinyacinsa.

Wannan ba tarihin da ya wuce ba ne. Yau ma a dazukan Zurmi da Shinkafi sojoji na jin rauni, ana kai su asibitin da ya fi kusa, wani lokaci cikin dare, wani lokaci asibitin farar hula da ba shi da alaƙa da fayil ɗinsu na soja. Ga Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Janairun 2024, ga 'yan sa-kai, waɗanda ba sa ƙarƙashin hukumar fanshon soja. Saurayin da aka cire wa harsashi a wannan damina, nan da shekara 30 za a tambaye shi abin da aka tambayi kakansa: ina shaidar a bakin aiki ka same shi? Kakan bai da abin da zai ɗauki hoton katinsa. Shi yana da waya a aljihu, kuma yana da 'yan uwa masu alƙalami. A ɗauki hoton katin tun yana gadon asibiti, a rubuta ranar da wurin da sunayen waɗanda suka ɗauko shi, a ajiye kwafi a wuri biyu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.